Hannun Kaka a Bayan Ƙyaure

"Inna, ba a taɓa bango," in ji mutumin da ke zagayawa da baƙi. Na ce masa ni ba bangonsa na zo gani ba, hannu nake nema. Ya kalli ɗiyata Hadiza kamar ta kawo masa mahaukaciya.

Wani tsohon gidan sarauta ne a hanyar Damagaram, aka gyara shi aka mai da shi gidan tarihi. Tun daga Matameye na sa Hadiza ta kawo ni, saboda kakata Indo.

Muna yara, in an ci tuwo, murhu bai mutu ba, sai mu zagaye ta. Tsofaffin wasu gidaje tatsuniyar kura da zomo suke yi wa jikokinsu. Ita kuwa ta gyara zama ta ce, "Ku matso, ga ta nan, amma wannan ba ta dariya ba ce." Kullum dai labarin wata baiwa mai ɗebo ruwan yaɓe a wannan gida. An yi kyautar ɗiyarta, za a kai ta garin Kance. Ranar tafiyar ana yaɓen zaure na uku, uwar ta danna tafinta a ɗanyar ƙasa, bayan ƙyaure inda ruwan sama ba ya kaiwa, ta danna na yarinyar a gefe. Ta ce mata in ta girma ta zo ta duba, za ta san tana da uwa.

Mukan tambaya, to ta koma? Sai Kaka ta tona toka da kara ta ce barci ya yi.

Sai ranar da aka binne ta innata ta gaya mini yarinyar nan Kaka ce da kanta. Ba ta taɓa komawa ba. Da na ɗauka tatsuniyar haƙuri take koya mana. Ashe aike ne take ba mu, ba wanda ya tashi sai ni, ni ma sai da haƙorana suka zube.

Na yi karatun manya da tsufana, na iya haɗa baƙi. Ban ci ribarsa ba ranar, don allunan bayanin gidan duk da Faransanci ne. Hadiza ta karanta mini: sarakuna, bindigogi, takubba. Ba baiwa ko ɗaya.

Na ƙirga zauruka da kaina, na ja ƙyauren na uku. Bango sumul, sabo fil, har da farar ƙasa. Na durƙusa na duba ƙasa-ƙasa, gwiwata tana ƙara. Babu komai.

Akwai wani magini a tsakar gida yana wanke kayan aikinsa. Na ce, Malam, tsohon yaɓen zauren nan fa, ba ku ga wani abu a jikinsa ba?

"Wa ke dubawa, Inna? Duk ya ruɓe. Mun kankare shi, aka kwashe a amalanke aka cike ramin bayan kasuwa."

Hadiza ta kama hannuna ta ce mu tafi kada mota ta cika.