Kwalaben Baba a Bakin Taga

Shekara ashirin da shida Baba Mai Kwalba ya yi yana abu ɗaya kowace safiya. Da ya karya kumallo sai ya sa takalmin roba, ya karɓi wankakkiyar kwalba daga hannun mai ɗakinsa, ya nufi madatsar laka ta kamfanin haƙar ma'adinai. Ga wanda bai sani ba, idan an niƙa dutse an wanke abin da ake nema, ragowar laka mai guba ce ake turowa ta bututu zuwa bayan wani bangon jar ƙasa da tsayinsa ya kai bene hawa goma. A ƙarƙashin bangon nan unguwar ma'aikata take, da makarantarmu ta firamare.

Aikin Baba gadi ne da duba bututu. Ba wanda ya sa shi ɗiban ruwa. Amma a gindin bangon akwai inda ruwa ke tsattsafowa siriri, kullum sai ya cika kwalbarsa a nan, ya jera ta a tagar ɗakin gadi kusa da ta jiya, ya bar ta ta kwanta.

"Kowace madatsa tana gumi," yakan ce. "Farin gumi ba ya ba ni tsoro. Ran da ya fito da ƙasa, to jikinta take ci."

Direbobin tifa ne suka laƙaba masa sunan. Sukan leƙo su ce, "Likita, yau me aka gani a fitsarin mara lafiya?"

"Ya fi naka kyau," in ji shi.

Wata Laraba a daminar bara, kwalbar ta fito a gurɓace. Da ta kwanta, sai ga jar ƙasa a gindinta, kaurin yatsa. Lakar kamfani toka-toka ce. Ja kuwa launin bangon ne. Baba ya ɗauki kwalbar ya shiga ofishin injiniya.

"Ranka ya daɗe, dubi wannan."

"Baba, na'urorinmu masu auna bangon sun ce lafiya lau. Ruwan sama ne ya dama maka shi."

"Kwana huɗu rabonmu da ruwan sama."

"Masu bincike na zuwa ƙarshen wata. Ka ajiye musu."

Bai yi gardama ba. Ya koma ya sake ɗiba bayan awa ɗaya: ƙasar ta kai yatsa biyu. Ya kwashi kwalabe uku, ta jiya da biyun yau, ya sauko makaranta ya jera su a teburin shugabarmu.

"Malama, ki kwashe yaran nan zuwa kan tudun tankin ruwa. Yanzu."

"Wa ya ba da umarni, Baba?"

"Babu. In ƙarya nake, gobe a kore ni. Dama shekara ɗaya ta rage mini."

Ta dubi fara, ta dubi jajayen biyun, ta miƙe ta buga ƙararrawa da kanta. Shi kuwa ya shiga unguwa yana bugun ƙofa gida-gida. Wata ta ce tukunyarta na kan wuta. Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Mai ɗakinsa ce ta fito da tsohuwar maƙwabciyarsu a goye, ta ce, "Shekara ashirin da shida ina wanke masa kwalba, bai taɓa cewa in gudu ba sai yau." Da jin haka mata suka sauke tukwane.

Jim kaɗan bayan la'asar, muna tsaye a kan tudu, bangon ya durƙusa kamar raƙumi. Jiniyar gargaɗi ba ta yi ko tari ba. Kafin mutum ya gama salati laka ta shafe filin wasa, ta shiga aji ɗaya ta taga, ta rufe allo har sama. Wata yarinya ta ja hannun malamarta ta ce, "Malama, ina ajinmu?"

Aka kira suna. Yara ɗari uku da goma sha biyu, kowa ya amsa. A unguwa ma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Abin da ya fi girgiza mu daga baya muka ji shi: motar gyaran hanya ta tsinke wayar na'urorin nan tun shekara biyu da suka wuce. Lamba ɗaya allon ofis yake nunawa kullum, ana kallonta ana cewa lafiya lau. Shekara biyu 'ya'yanmu suna karatu a ƙarƙashin bangon nan, ba mai tsaronsu sai Allah, sai tsoho da kwalbar man girki.

Baba, kai ne idon da bai gaji da kallon abu ɗaya ba. Kai ne ka sha ba'a safiya dubu tara don rana guda. A wannan watan za ka ajiye aiki, mu malamai da iyaye muna cewa mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma da aka ba amanar duba wani abu, ko madatsa ce ko gada ko birkin mota, ku je ku gani da idonku, kada ku tsaya ga abin da allo ya faɗa.

Kwalaben nan uku suna bakin tagar sabuwar makarantarmu. Duk yaron da ya tambaya mukan ce masa: fara ta jajiberin ranar nan ce, jajayen kuwa su ne dalilin da ya sa kake nan kana tambaya.