Yaya Habu da Littafin da Babu Sunansa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu na Gazara, kuma har yau ban gama jin haushinsa ba. Allah ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini.

Yaya ya iya Hausa da Fulatanci da Larabci. Shi ya sa da wani Baturen makaranta ya sauka Makarfi yana neman mai taya shi rubuta littafin nahawu, aka nuna masa gidanmu. Damina biyu suna zaune gindin tsamiya, ni ina nome gonata da tasa. Abin da ya fi ɗaure wa Baturen kai shi ne yadda muke faɗa idan mutum ya yi wa kansa abu. Yaya ya warware masa: Bahaushe ya ce "ya cuci kansa", Bafulatani ma kai yake kira, "hoore", Balarabe kuwa rai yake ambata, "nafs". Har Kurmin Kogi Yaya ya taka, rugar wasu dattawan Fulani, don kada ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

Ran sallama, ina tsaye, Baturen ya tambayi Yaya wane suna zai rubuta masa a littafin.

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, malamanmu ba sa sa suna a aikin ilmi. Lada ake nema."

A nan, idan malami ya faɗi haka, sai ka matsa masa, ya ƙi, ka sake matsawa, sannan ka sa sunan. Baturen bai matsa ba. Ya rufe alƙalaminsa ya hau doki.

Da Yaya zai ga yau, na san murmushi zai yi, ya ce ai ilmin ya isa inda ake so. Ya isa kam. Misalansa ne yara ke haddacewa daga Ikara har Kudan, kalma da kalma, da sunan wani a bangon littafin.

Sani, ɗan Yaya, yana makarantar Midil a Zariya. Ran da aka zo babin "ya cuci kansa", ya ɗaga hannu a aji ya ce babansa ne ya tsara wannan babin. Malamin ya duba gaban littafin, ya duba bayansa, ya yi masa bulala shida saboda ƙarya.

Maganar Yaya ta wanzu, ladansa kuma yana wurin Allah, ban yi shakka ba. Amma da Sani ya zo hutu, ya same ni a bakin rumbu, bai ko iya kallona ba.

Ya ce, "Baffa, don Allah, da gaske ne, ko dai daɗin baki kuke yi mana don mu marayu ne?"