Maganin da Kawu Bahago ya binne

Kawuna Bahago, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa yin kuskure ba. Shi da kansa ya gaya mana. A bakin ƙoramar Telwa aka haife shi, can ya gaji garka, wato lambu, da rijiya da wani tsohon bijimin sa mai jan guga, da kuma abin da ya fi ƴaƴansa daraja a wurinsa: irin albasar ubansa. Ja ce, mai zaƙi, tana kai damina ba ta ruɓe ba. Ba ya sayar da irin, ba ya kyautarsa. Ko uwata, ƙanwarsa ciki ɗaya, da ta roƙa, addu'a ya yi mata.

Wata shekara, lokacin Nasara na gab da tafiya, wasu ƙananan ƙwari suka sauka cikin garake. Ba ka ganinsu sai ka buɗe wuyan ganye. Su tsotse shi ya yi fari, ya kwanta. Illiya, da ake kira Mushe irin na Nasara, ma'aikacin gona na kumandan mai mulkin ƙasar, ya zo da farin gari cikin gwangwanaye, ya ce a barbaɗa a kan ganye. Maƙwabta, da yake su marasa ilimi ne, suka barbaɗa.

Kawu ya karɓi nasa ya yi dariya. Wai yaran lakwal, ƴan boko, ba su san magani ba. Tun kaka da kakanni, maganin tsare garka ba a watsa shi a fili kowa na kallo. Ƙaho ake samu a ɗura, a binne a kusurwa huɗu, a kama baki. Haka ya yi, da alwalarsa.

Matarsa Habsatu ta leƙa ta ga ganye na ta yin fari. Ta ce, “Malam, ko za mu tone ɗaya mu gwada a sama?”

Ya ce, “Ke da kika san garka daga cikin tukunya?”

To, ƙwari dai ba wanda ya gaya musu an tsare wurin. Na maƙwabta ma da farin garin ya dame su, nan suka yo ƙaura da iyalansu. Kafin zafi ya shigo, har fangalin da yake bari ya yi fure don iri ya zama kara. Bai samu ko cikin tafin hannu ba. Wallahi na ji haushinsa, kuma na ji tausayinsa.

Da mutane suka zo jaje, cewa ya yi magani ya ci, tunda ɓarawo bai taka garkar ba duk shekarar.

Ya ci gaba da noma da irin kasuwa har ya tsufa. Amma da sanyi ya kama, sai da ya bi garake ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar uwata, yana tambaya a hankali ko akwai wanda ya taɓa satar masa iri, ya rantse ba zai yi faɗa ba. Kaito, duk unguwar mutanen kirki ne. Ba a samu ko ɗaya ba.