Ramuka Takwas a Bangon Malam

Shekarar da muka tare a Unguwar Dosa, maigidana ya yi wa ɗakinmu rufin kwano. Malam akawu ne a ofishin gwamnati, kuma a ganinsa duk abin da ya fito daga kanti ya fi ƙarfin iska. Ni kuwa 'yar mai baibaya ce, a gaban mahaifina na tashi ina ganin yadda ake ɗaure jinka. Da na ɗaga kai na ga katakon rufin a ɗore kawai a kan bangon ƙasa, an dafe shi da laka, sai na san iska za ta iya ɗauke shi.

Bazara ta yi nisa, kullum da yamma sai gabas ta haɗe rai ta sake. Na ce, "Malam, rufin nan fa yana son ɗauri. Iskar farkon damina ba ruwanta da kwano."

Ya ce, "Nan Kaduna ce, ba ƙauyenku ba. Kada ki taɓa mini bango, kwanan nan aka shafa masa farar ƙasa."

Amma ina da taurin kai, ina kuma da jaririya 'yar wata biyu da ke kwana a ƙarƙashin wannan kwanon. Kwana uku ina tufka igiyar rama a cinyata har fatar ta saɓule. Ran na huɗu, yana hawa kekensa na kife turmi na hau. Da tsohuwar wuƙa na huda bangon wuri takwas, kamu ɗaya daga sama, na zura igiya na zagayo katakon, na ɗaure tamau irin ɗaurin Baba.

Da ya dawo ya ga ramukan, ko tuwona bai taɓa ba. Kusan mako guda gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. Ya ce ranar Asabar zai kawo magini ya kwance ƙauyancin nan ya toshe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifina ba.

Ranar Alhamis da azahar, Malam bai dawo ba, hadari ya taso baƙi ƙirin. Iska ce ta fara zuwa. Rufin ya riƙa ɗagawa yana komawa, igiyoyin suna ƙara, laka tana zubowa. Na rungume yarinyar ina salati, idona a kan ƙullin da na yi. Kwanon wani gida ya faɗo tsakar gidanmu a nannaɗe kamar tabarma. Matan maƙwabta biyu suka shigo da 'ya'yansu jiƙe sharkaf, ɗakunansu sun zama fili. Namu ko igiya ɗaya ba ta tsinke ba.

Malam ya shigo yana tura keke, laka har gwiwa. Yarinyar ya fara dubawa, sannan ya daɗe yana kallon igiyoyin rufin.

Bayan la'asar mazan unguwa suka taru a zaurenmu ana jajanta wa juna. Ina murhu na ji wani dattijo ya ce, "Malam, wane kafinta ne ya yi maka wannan aiki?"

Na daina hura wuta. Sai na ji muryar Malam. "Ba kafinta ba ne. Maiɗakina ce, ni hana ta ma na yi. Wanda yake so ya turo iyalinsa ta koya musu."

Washegari da hantsi mata bakwai suka yi sallama, kowace da ramarta a hannu.