Baba Isiyaku Mai Yankan Jema

Baba Isiyaku ya shekara talatin yana yankan ciyawar jema a bakin kogi, bayan Kamazou, yana saƙa zana yana kaiwa kasuwar Kakuri. Bai taɓa yanka ta har ƙasa ba. Yakan bar mata tsawon tafin hannu, domin saiwarta ce ke riƙe da gaɓar, a kan gaɓar kuma lambunsa da ɗakinsa suke.

Na san shi a 1986, ban daɗe da gama jami'a ba. Wani kamfani ya ba ni aikin zana wurin shaƙatawa a nan, inda baƙi za su zauna su kalli ruwa da tsuntsaye. Na ji daɗin zanen: babu siminti, babu kwano, rumfuna shida a kan dirkoki, rufin ciyawa. A ƙasan takardar na rubuta a yi amfani da ciyawar wurin.

Da na nuna masa, sai ya ce, "Injiniya, wa zai yanka?"

"Leburori, Baba."

"Waɗannan da masaƙar Kakuri ta sallama? Ai zare suka sani, ba lauje ba."

Muka yi dariya.

Ina Zariya karɓo takardun makarantata suka fara aiki. Fartanya aka raba musu, wai a samu ciyawar rufi, a kuma buɗe wa baƙi ganin ruwa. Bayan kwana huɗu na dawo na tarar sun tumɓuke jemar har saiwa. Asabe, matarsa, ta gaya min ya bi su yana roƙo, ɗan kwangilar da aka ba aikin ya nuna masa rubutun hannuna.

A watan Agusta gaɓar ta fara zaftarewa, rabin lambun ya tafi. Sau uku na je ofis ina roƙon a kawo duwatsu, aka ce in yi haƙuri, damina ta kusa wucewa.

Wata rana da yamma na same shi a durƙushe yana dasa tushen jemar da ya tono daga tsallaken kogi. Tsagar ƙasar saura taku uku ta kai ɗakin.

"Baba, don Allah ku koma wajen ɗanku a unguwar Nasarawa."

"Damina biyu jemar take so kafin ta kama. Miƙo min wancan tushen."

Na miƙa masa. Muna cikin dashen, layin da ya dasa da safe ya zame gaba ɗaya cikin ruwa. Ya juya wajen ɗakin.

"Asabe, fara fito da tukwane."