Ta-Ƙorafi a Gangaren Badagishiri

Har yanzu ƙafata ta dama tana taka ƙasa ita kaɗai. Ina wanke-wanke, ko ina zaune ina tsince wake, sai in ji ta danna ƙasa da ƙarfi kamar akwai burki a ƙarƙashinta. Ni kuwa ko tuƙi ban iya ba. Mama ta sa an yi mini rubutu na sha, ta turara mini ɗaki, amma ƙafar ba ta bari ba. Zama ya gagare ni. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai idona ya kai inda motar Baba take tsayuwa, in sake komawa. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, ko hannun zai samu abin yi.

Sunan motar Jimrau. Bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufa wa tanti, kuma ta girme ni nesa. Kakanmu ne ya saye ta tun Baba bai yi aure ba, ya yi ta jigilar albasa da mutane tsakanin Malbaza, Ƙonni da Illela, da ya rasu Baba ya gaje ta. An ce a da fara ce. Yanzu ƙurar siminti da rana sun mayar da ita launin fura. A gidanmu ana iya faɗin aibin kowa, har na liman in ya ja sallah, amma ba a faɗin aibin Jimrau. In ta ƙi tashi da safe, sanyi ne ya kama ta. In ta yi hayaƙi, mai ne marar kyau aka sayar wa Baba. Kamfanin da ya ƙera ta ma ba ma kiran sunansa. Gidan Maƙeri muke cewa, kuma daga bakin Kaka Dije muka samo wannan.

Kaka Dije ita ta haifi Baba. Murhunta na hira tsohon ƙarfen ƙafar Jimrau ne da ya lanƙwashe, ta kife shi a ƙofar ɗakinta tana hura wuta a ciki. Lokacin sanyi, da an sallame isha'i, mukan kewaye shi da zannuwanmu, ita kuma tana juya gujiya a toka da ɗan kara. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Matar direba ce. Sai ta ƙwanƙwasa ƙarfen da karan, ta ce:

"Ku hau, mota za ta tashi."

Mu amsa: "Mun hau, Allah shi kiyaye hanya."

Tana da na gizo da na kura kamar kowa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Maƙeri. Ta ce a wajen mijinta ta ji, shi kuma a tasha ya tsinta daga bakin direbobi, don haka ban san inda gaskiya ta tsaya ba da inda Kaka ta ɗora nata. Da na shiga lise, wato babbar sakandare, na karanta cewa wasu masu ƙera motoci da ƙananan kayan ƙarfe suka fara, na yi dariya ni kaɗai a aji.

Wai a wata ƙasa bayan teku, inda sanyi ke daskarar da ruwa a randa, an yi wani maƙeri mai ƙera lauje da allura. Daga nan ya ƙera keke. Wata rana ya ga jakinsa ya ƙi tashi da kaya, ya yi fushi, ya rantse sai ya ƙera jakin da ba ya cin kara, ba ya gardama. Ya shiga maƙera, bai fito ba sai da jakin ƙarfe mai tari da hayaƙi. Maroƙa suka taru suna yi masa kirari, attajirai suka yi ta saye. Amma Maƙeri bai yarda da kirarin ba. Ranar kasuwa sai ya sa tsumma, ya ja hula har kunne, ya bi masu motocin yana tambaya yadda suka same su. Wanda ya ce lafiya lau, sai ya miƙa masa goro ya wuce. Haka ya yi ta rabon goro har ya iske wata mai sayar da ƙwai a gindin bishiya tana zage-zage ita kaɗai. Sunanta Ta-Ƙorafi, don tun da aka haife ta ba a taɓa yi mata abu ta ce an yi daidai ba.

A nan Kaka takan ɗaure fuska, ta turo baki, ta sirantar da murya, mu kuwa mu fara dariya tun ba ta ce komai ba.

"Wagga aba? Wanda yaƙ ƙera ta ba shi da baya, shi ya sa bai san ciwon baya ba. Ƙwaina duk sun hwashe."

Maimakon goro, Maƙeri ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarmarta, ya ce ta faɗa masa duka. Ya koma ya sa wa motar ƙarfe mai lanƙwasa don ta bar jijjiga. Ya dawo, Ta-Ƙorafi ta ce ruwan sama ya jiƙa mata zane. Ya yi wa motar rufi. Ta ce da dare makauniya ce. Ya yi mata idanu. Sai ran nan ya iske ta da ɗauri a goshi, ta ce motar ta iya tafiya amma ba ta iya tsayawa ba, ta wuce ƙofar gidan surukanta da ita, sai da ta rungumi bishiyar kuka. Maƙeri ya ƙi ci ya ƙi sha har ya ƙera burki.

Labarin yakan yi tsawo ko ya gajarta, gwargwadon gujiyar da ta rage. Akwai inda yaƙi ya zo aka ƙone maƙerar, Maƙeri ya tsinci guduma a toka ya sake farawa. Akwai inda motocinsa suka iso ƙasarmu yashi ya riƙe su, ya aiko ɗansa ya zauna a tasha yana sauraron zagin direbobi, ya koma aka ɗaga wa motocin ƙafa. Daga cikin waɗannan, in ji Kaka, Jimrau ta fito. Sai ƙarshen da ba mu so. Maƙeri ya mutu, jikokinsa suka gina bene mai tsawo, suka sa dogarai a ƙofa, maroƙa kaɗai ke shiga. Ta-Ƙorafi ta zo da kwandonta aka ce ta jira.

"Har yau tana nan bakin ƙohwa," Kaka takan ce, tana tura toka kan garwashi. "Mun iso tasha. Kowa shi sauka."

Sau da yawa Baba yana daga zaure yana jinmu. Da an zo wajen ɗaga ƙafa sai ya leƙo ya ce, "Inna, hwaɗa masu shekarar da gulbi ya ciko, duk motoci sunka tsaya, Jimrau ta ƙetare." Kaka ta ce ita tatsuniya take yi, ba roƙo ba, in kirari yake so ya nemo kalangu. Mu yi ta dariya. A lokacin, mu ma abin da muka ɗauka ke nan: labarin yabon Jimrau ne, Ta-Ƙorafi kuwa an sa ta ne don ban dariya. Duk yarinyar da ta cika ƙunƙuni a gida da sunan ake tsokanarta. Ni aka fi kira da shi.

Kaka ta rasu shekarun baya. Ƙarfen yana nan a ƙofar ɗakin, kaji na kwana a ciki.

Ranar da abin ya faru, yayata Hadiza ce ta haihu a Illela, na bi Baba mu kai mata kayan jego. Ina gaba kusa da shi, baya kuwa buhunan gero da wasu mata da ya rage wa hanya. Tun Tsarnawa na ga yana taka burki yana sakewa, yana sake takawa, kafin ta amsa. Ba sabon abu ba ne. Kowa a gida ya san tana yin haka, kamar yadda kowa ya san baƙin tabon mai da take bari a ƙasa, wanda Mama kan watsa wa yashi in tana shara.

Da muka kama gangaren Badagishiri, akwai wata babbar motar siminti a gabanmu tana saukowa a hankali. Baba ya taka. Na ji ƙarar ƙarfe ya bugi ƙarfe, ƙafarsa ta kai ƙasa, Jimrau ba ta ko yi kamar ta ji ba. Ya sake, ya sake. Bayan motar simintin ya yi ta girma har na fara karanta rubutun da ke jikinsa. Wata mota kuma tana tahowa ta ɗaya hannun. Matan baya suka ɗauki salati. Ni kuwa ƙafata ce kawai take taka ƙasa tare da tasa. Ban san yadda ya yi ba, na dai ji ya fizgi sitiyari, muka bar kwalta, muka ratsa shingen wani lambu, muka nutse a yashin fadama. Goshina ya bugi ƙarfen gaba. Da na ɗago, ga ganyen albasa a kan gilashi.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. Masu lambu suka sheƙo da gudu. Ba gangaren ne ya fi tsorata ni ba, abin da ya biyo baya ne. Baba ya fito, ya zagaya motar, ya daddaɓa mata goshi, ya dubi jama'a ya ce:

"Kun gani ko? Da wata mota ce, da yanzu a tabarma za a kwashe mu."

Kowa ya amsa. Aka yi ta yabon ƙarfen zamanin da, aka ce yanzu ba a ƙera irinta. Wani ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure bututun burki da ya tsage da igiyar roba, aka zuba man burki, aka turo ta kan hanya. Da ita muka ƙarasa, da ita muka dawo. Ni idona rufe.

Ga suna ya matso. Baba ya ce Jimrau za ta kwashi gida duka: Mama, gwaggonnina, yara, har jaririyar ƙanwar Mama. Gangaren nan dai za a sake bi. Na faɗa wa Mama tsorona, ta ce in rufa mata asiri, motar nan ita ce abin da uban Baba ya bar masa, wanda ya taɓa ta kabarin tsoho ya taɓa, kuma ai an gyara. Na je zaure zan yi masa magana, na durƙusa, ya ce "Balkisa, lahiya?" sai na ji kaina ina tambaya ko a kawo masa ruwa. Ban taɓa gaya wa Baba ya yi kuskure ba. Ban san ta inda ake farawa ba.

Jajibirin suna, bayan magariba, na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na kori kaji daga ƙarfen Kaka, na kakkaɓe shi, na hura wuta. Yaran gwaggonnina da suka zo kwana suka taru. Baba yana zaure, ƙofa a buɗe, ya ciro fitilun Jimrau yana goge su da tsumma. Na ƙwanƙwasa ƙarfen na ce su hau. Ba su san amsar ba. Daga zaure na ji an ce, ƙasa-ƙasa, "Allah shi kiyaye hanya."

Na ba da labarin yadda na iya. Yara suka yi dariyar ƙwai, suka yi dariyar makauniya. Da na zo wajen da motar ta iya tafiya ba ta iya tsayawa ba, muryata ta ƙi sirancewa irin ta Kaka, ta karye. Ba wanda ya yi dariya. Na tsallake yaƙin, na tsallake ɗaga ƙafa, na kai Ta-Ƙorafi bakin ƙofa, na kasa cewa mun iso tasha. Ƙafata tana ta taka ƙasa, yara na kallonta.

Baba ya shigo. Na ɗauka tsawa zai yi. Ya daɗe tsaye yana duban ƙarfen da wutar, tsumman na hannunsa. Sannan ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarmata.

"To, Ta-Ƙorahi," ya ce. "Hwaɗa mani duka."

Na faɗa. Takawar Tsarnawa, tabon mai, igiyar roba, rubutun bayan motar siminti, jaririyar da za a riƙe a baya. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi da tocila ya tafi inda Jimrau take, ya share yashin Mama da ƙafa, ya tsuguna ya taɓa ƙasar, ya shinshina yatsansa.

Da safe motar haya muka shiga zuwa Illela. Gwaggonnina sun yi ta ƙunƙuni saboda matsi, aka ce ni na jawo. Jimrau kuwa an ja ta da igiya zuwa garejin Ƙonni, Baba na ciki yana riƙe da sitiyari, bai yarda wani ya zauna a kujerar ba. Bai je sunan jikansa ba, kuma tun daga ranar maganarsa da ni kaɗan ce. Ban sani ba ko fushi ne ko kunya.

Na daɗe ina zaton Kaka tana koya mana son Jimrau ne. Yanzu nake ganin tana kallon ɗanta ne ta ƙofar zaure, tana ganin yadda yake zama maroƙin motar ubansa. Duk abin da Baba yake yabo a jikin Jimrau, wani ne ya fara zaginsa, aka kuma zauna aka saurare shi. Mu da muka ce mun gamsu, goro kawai ya kamace mu.

Wurin da take tsayuwa fili ne yanzu, tabon yana nan baƙi a tsakar gida. Jiya Mama ta zo da shara, ta ɗebo yashi a hannu kamar kullum. Ta tsaya a kansa, ta dube ni, ta zubar da yashin a gefe.