Callistus Mai Niƙa da Tagar Tabitha

A shekarar 2002 Malam Mordecai ya fara sanin Callistus, shekarar da ya ajiye aiki a ɗakin gwajin sinadarai a Samaru ya kama haya a Sabon Gari. Callistus ɗan Gabas ne. Aikin jirgin ƙasa ya kawo ubansa Zariya, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Yana da tsohon injin niƙa mai shan dizal a rumfar da ke jingine da katangar gidan da Malam ya kama, da shi yake ciyar da iyalinsa.

Salansar injin tana fuskantar tagar Tabitha, matar Malam, wadda ta daɗe da ciwon fuka. Da an tada injin, kunkunniya sai ta sauka a labule da kwanuka, numfashi ya riƙa sarƙe mata, har ta daina buɗe tagar. Maƙwabta suka ce a je wurin mai unguwa a sa a rufe rumfar, kuma Malam ne zai shige gaba. Malam ya ƙi. Ya ce yana da dabara.

Ya sani daga aikinsa cewa kunkunniya tana ƙonewa kamar gawayi, sai dai tana son zafin da ya fi na salansa, kuma akwai garin wasu ƙarafa da ke sa ta ci wuta da wuri. Irin wannan baƙin garin yana cikin mataccen batirin rediyo. Callistus ya bi masu shayi da masu gadi yana tara batura. Suka fasa, suka wanke garin, suka shafe tsingaron tukwane da shi, wani tsohon abokin aikin Malam ya gasa musu a Samaru. Suka cika ƙaramin duro da tsingaron, suka haɗa da salansa.

Don gudun gobara, Malam ya sa duron can ƙarshen dogon bututu, inda hayaƙi ya riga ya huce. Duron ya toshe, injin ya shaƙe ya mutu a jajibirin Kirsimeti, mata na layi da jiƙaƙƙen wake. Callistus ya goge fuska ya ce, "Baba, maganinka ya fi ƙarfin majinyacin. Mu matso da shi kusa da injin."

Da aka matso, baƙin hayaƙin ya koma toka-toka, amma bai ƙare ba. Kowace Asabar Callistus kan juye tsingaron ya babbake a garwashi ya mayar, yana gaya wa masu kawo niƙa cewa aikin farfesa ne, ko da yake Malam ya sha gyara masa cewa shi bai taɓa zama farfesa ba.

A daminar 2008 ciwon Tabitha ya tsananta. Likita ya ce ko hayaƙin fitila kada ya kusance ta. Malam ya fara tunanin barin gidan, alhali daga nan kaɗai take iya takawa zuwa coci. Bai faɗa wa kowa ba, amma Bibiana, matar Callistus, ta shigo dubiya ta ga yadda ake ciki. Wata safiya Malam ya ji unguwa shiru. Da ya leƙa, rumfar wayam, sai tabon mai a ƙasa.

Ya sami Callistus can bakin hanyar Basawa, inda gidaje suka yi nisa da juna, masu kawo niƙa ɗaiɗai. Duron yana nan maƙale a salansa, an goge shi fes. Da Malam ya tambayi dalili, Callistus ya ce wai injin ya fi son iskar nan, sannan ya tambayi jikin Mama Tabitha. Malam ya ce ciniki fa? Callistus ya duƙa yana ɗaure bel ɗin injin, ya amsa bai ɗago ba.

"Ranar da aka ce ka je wurin mai unguwa, Baba, ai ba ka je ba."

Malam ya koma gida ya tarar da tagar a buɗe, Tabitha na zaune a gindinta tana tsince shinkafa.